Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Wakilan Sakkwato A Majalisar Tarayya Kan Iyakar Illela

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma sanatocinmu uku da wakilanmu 11 da Jihar Sakkwato ta tura Abuja, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a kan iyakar Illela da ke tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar, da hanyar da ke kai mutum can, da halin da ƙaramin ɗan kasuwa ke shiga idan zai ƙetara da kaya. Buƙatata guda ce: a samar mana hanyar biyan kuɗin fito da ta yi daidai da ƙarfinmu, a rubuta abin da ake bin mu a fili da Hausa, a ba mu rasit, rasit ɗin kuma ya tsare mu tun daga bakin iyaka har cikin kasuwa. Ku na zaɓa na rubuta wa don ku ke yin doka, ku ke duba kasafin kuɗin hukumomin da ke aiki a iyaka, kuma ku ke da ikon kiran shugabanninsu ku yi musu tambaya su amsa.

Ni ɗan kasuwa ne a Tsohuwar Kasuwa ta Sakkwato. Dabino da kanwa nake sarowa daga Birnin Ƙonni da ke ƙetaren iyaka a Nijar, in kai musu citta da goro da garin kwaki da robobin Kano. Jarina bai kai cika tirela ba, yawanci da ni da wasu muke haɗa kaya a mota ɗaya. Mahaifiyata 'yar Ƙonni ce, don haka ko babu ciniki, biki da suna da ta'aziyya ba su barin in daɗe ban ƙetara ba. Irina muna da yawa a Illela da Gada da Tangaza da Gudu da Sabon Birni, kuma da wuya a samu gida a waɗannan ƙananan hukumomi da ba shi da jini a wancan gefe.

Kun san tarihin fiye da ni, amma ina so ya kasance a gabanku yayin da kuke karanta sauran. A Maratta aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, garin yana cikin Nijar a yau, ya kuma tashi a Degel da ke ƙasar Gwadabawa. Da Ingila da Faransa suka zauna rabon ƙasa a 1898, sai suka zana wani da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Da an tsaya a kan wannan, da Ƙonni tana cikin Najeriya. Faransawa suka ga an bar su da hanya marar ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, aka jawo layin kudu, aka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Rijiyoyin da ayarin Faransa zai sha ne suka raba ni da kawunnaina. Ban kawo wannan don in ce a goge iyaka ba. Ƙasa biyu ce, kowace da dokarta, na kuma yarda da haka. Abin da nake so a gane shi ne mutanen da ke ƙetarawa kullum ba baƙi ba ne da suka zo daga nesa da kwantena, maƙwabta ne da buhu biyar, buhu goma, da akuya a bayan babur. Dokar da ba ta san da su ba, ba ta san iyakar da take tsaro ba.

Daga Sakkwato zuwa Illela tafiyar kilomita tamanin da 'yan kai ce, ta Kware da Gwadabawa. Mota mai lafiya ba ta wuce sa'a ɗaya da rabi. Amma ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, ko ranar Laraba da ake cin ta Ƙonni, mai kaya ba ya lissafi da nisan hanya, da yawan tsayawa yake yi. Tun a tasha direba ke gaya maka kuɗin mota, sannan ya gaya maka kuɗin hanya daban, gwargwadon yawan buhunanka. Ba ya ɓoyewa, kai ma ba ka tambaya. A kowane shinge yaron mota zai dira da gudu da kuɗi dunƙule a hannu, ya dawo, a janye icen da aka gitta. A wasu shingayen akwai allo da ke nuna hukumar da ta kafa su, jami'ai na sanye da kaki da suna a ƙirji, su leƙa mota, su yi tambaya, su ce a wuce. Waɗannan ba ni da ƙorafi a kansu. Wasu kuwa babu allo, babu suna, wani da rabin kaki, wani da kayan gida, wani yaro ne kawai riƙe da igiya yana karɓa a madadin wanda ke zaune a inuwa. Duk shekarun da na yi a wannan hanya ba a taɓa miƙo wa direban da na shiga motarsa takarda ko ɗaya a kan wannan kuɗi ba. Kuɗin nan ba ya shiga baitulmali. A kan mudun dabino yake komawa, mai azumi ya biya shi a Sakkwato.

A bakin iyaka kanta aiki ya fi tsari, kuma ya kamata a faɗi haka. Akwai jami'an shige da fice masu duba takardun mutum, akwai kwastan masu duba kaya, akwai ma'aikatan lafiya da ke neman katin rigakafin shawara, akwai masu duba lafiyar dabbobi da amfanin gona, akwai masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ka wuce su ka tarar da 'yan sanda da duwan (wato kwastan ɗinsu) da jandarma na Nijar. Kowanensu da dalilin zamansa, kuma mai hankali ba zai ce a kore su ba.

Matsalar tana cikin tsarin da aka ce mu bi. Wanda zai shigo da kaya Najeriya bisa ƙa'ida sai ya yi rajistar kamfani, ya samu lambar biyan haraji, ya je banki ya buɗe takardar da ake kira Form M, kwastan su fitar masa da rahoton kimanta kaya da ake kira PAAR, ya ɗauki ejan mai lasisi ya shigar masa da bayani a kwamfuta, a yanke masa kuɗin fito, ya biya a banki, sannan a duba kaya a sake su. Wanda zai fitar kuma sai ya yi rajistar mai fitar da kaya ya cika fom ɗin NXP ta banki. Wannan tsari ne mai kyau ga mai shigo da kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, wanda ke da akawu da lauya da ofis mai intanet. Ku ɗora shi a kan matar da ta saro buhu shida na aya, ko dattijon da ya ɗauko kanwa a a-kori-kura. Kuɗin ejan kaɗai ya cinye ribarta da wani abu daga uwar kuɗi. To me za ta yi? Hanya biyu ta rage mata: ko ta ba 'yan fito su bi mata da kayan ta ɓarauniyar hanya a kan babur, ko ta bi ta ƙofa a yi abin da ake kira sasantawa. Duk biyun gwamnati ba ta samun ko kwabo, ita kuma sunanta ya zama mai fasa-ƙwauri alhali abin da ta ɗauko halal ne, ba ya cikin jerin kayan da aka hana.

Na taɓa bin hanyar doka daga farko har ƙarshe, kuma wani jami'in kwastan ne a Illela ya sa ni. Mutum ne mai natsuwa, daga kudu ya fito amma Hausarsa ta nuna. Ya ga muna ta kai da kawo da direba a kan kayan da muka haɗa mu huɗu, ya kira ni gefe ya ce, "Alhaji, me ya sa ba za ku biya a rubuce ba? Kayanku ba haramtattu ba ne." Ya zaunar da ni a benci, ya nuna mini yadda ake lissafi, ya bayyana mini cewa kowane kaya da lambarsa da kasonsa, ya haɗa mu da ejan, ya ce kada mu ba kowa kuɗi a hannu, banki za mu kai. Yini guda muka yi, amma na fito da takarda mai hatimi, na kuma ji a raina cewa yau ba wanda nake tsoro. Har yanzu ina yi wa wannan bawan Allah addu'a.

Ba mu yi nisa da garin ba aka tsayar da mu a wani shinge marar allo. Na miƙa takarda. Wanda ya karɓa ko juya ta bai yi ba, ya ce wannan ta can ce, nan kuma daban. Na ce ai kuɗin gwamnati na biya. Ya ce to in jira mai gidansu ya zo ya tantance, kuma mai gidan ya tafi gari. Muka sauka muka zauna a bakin titi har la'asar ta yi sanyi, abokan haɗin kayana suna ta harara ta, ga dare na zuwa a hanyar da kowa ya san ba a son dare ya riski mutum a kanta. Ƙarshe direba ya je ya yi abin da ya saba. Da muka tashi, ɗaya daga cikin abokan tafiyar ya ce da ni, "To ka gani, mun biya sau biyu. Wa za ya sake bin ka?" Ba wanda ya sake bi na. Masu girma, a wannan yammacin gwamnati ta yi asarar mutum huɗu da suka so su riƙa biyanta, kuma kowanensu ya ba da labarin a rumfarsa. Rasit da ba ya hana a tare ka a gaba ba shi da amfani ga talaka, ƙarin kashe kuɗi ne kawai.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Wata rana muna dawowa da wata tsohuwa a mota, ta je wankan jegon ɗiyarta a wani ƙauye kusa da Ƙonni. Tana da ƙullin kaya da ɗan buhun shinkafa da bai kai rabi ba. A wani shinge aka sauke shi. Ta fito tana rawar jiki ta ce, "Ɗana, wagga shinkahwa ba ta saidawa ba ta, ɗiyata tab ba ni in kai ma jikokina." Aka ce mata, "Mama, doka ce." Direba ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, in munka tsaya gardama nan za mu kwana." Ta koma ta zauna, ba ta ƙara magana ba har Sakkwato. Na san tun 2016 an hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa, kamar yadda aka hana shigo da motoci ta nan tun farkon 2017, kuma ba jayayya da wannan ta kawo ni ba. Amma ba a rubuta sunanta ba, ba a auna shinkafar ba, ba a ba ta wata takarda da ke cewa an karɓi kaza a wuri kaza ranar kaza, ga inda za ki je idan kina da magana. Kamun da babu takarda, ta ina mai kaya zai bambanta shi da ƙwace? Ta ina hukumar ita kanta za ta san abin ya isa rumbunta? Majalisarku ce ta yi sabuwar dokar kwastan ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun kafin samun 'yancin kai. Ina roƙonku ku bi sawunta har bakin titi, ku tabbatar duk wanda ya karɓi kayan wani da sunan doka, ko daga wace hukuma yake, ya bar masa shaida a rubuce da sunansa da lambarsa. Ku kuma sa a fayyace iyakar abin da ake ɗauka guzuri ne ko tsaraba, don kada tsohuwa da kwanon shinkafa ta zama daidai da mai tirela.

A garin nan, ƙorafi a kan irin wannan karɓa ba baƙon zance ba ne. Cikin abubuwan da Shehu ya lissafa a littafinsa Kitabul Farƙi a matsayin ɗabi'un mulkin zalunci akwai ɗora wa fatake da matafiya kuɗi, da karɓar gaisuwa kafin a biya wa mutum buƙata. Hukuncin harajin da hukuma ta tsara na bar wa malamai. Amma kuɗin da ake dunƙulewa a hannu a bakin shinge, ba na jin akwai malamin da zai sama masa mafita, ga mai karɓa da mu masu bayarwa.

Sau biyu aka rufe wannan iyaka cikin 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2019 gwamnatin Shugaba Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, makonni kaɗan bayan Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar cinikayya marar shinge ta Afirka a birnin Yamai, ba a buɗe Illela ba sai Disambar 2020, tare da Seme da Maigatari da Mfum. Kamba da Jibiya sai a 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka sake rufewa bisa takunkumin ECOWAS, har zuwa Maris 2024. Manya sun faɗi dalilansu, ba kuma wannan ce wasiƙar da za a warware su ba. Abin da na gani da idona nake so ku sani.

Kawuna ya rasu a Ƙonni cikin daminar 2023, ƙofa na rufe. Na hau kabu-kabu muka bi ta gonaki, gero ya kai kafaɗa. Na zaci ni kaɗai zan kasance a dajin, sai na tarar hanya ta zama gari. Mata da goyo, masu kai marar lafiya asibitin Galmi da ke Nijar, ɗalibai, masu kai amarya, ga samari da babura ɗauke da buhu uku-uku suna wucewa a jere. A gefen babban titi kuwa manyan motoci ne cike da kaya sun yi layi, albasa na ruɓewa a ciki, direbobi na dafa abinci a ƙarƙashin mota. Wanda ya bi doka ya tsaya a ƙofa shi ya yi asara, wanda ya bi daji shi ya samu kuɗi. Yaran da suka koyi fito a waɗannan watanni sun sayi babura, sun san kowace burtali, sun san wanda ake ba da nawa. Da aka buɗe ƙofa ba su dawo ba, masu ba su kaya ma da yawa ba su dawo ba. Ƙofa ba za ta dawo da su da barazana ba, sai ta zama ta fi daji sauƙi da araha da kwanciyar hankali.

Wannan ya shafi tsaro kai tsaye, kuma ku da kuke wakiltar gabashi da arewacin jihar nan kun fi kowa sanin abin da mutanen Sabon Birni da Isa suka sha a hannun 'yan bindiga, da abin da Lakurawa suka jawo a Tangaza da Gudu. Makamai da ƙwayoyi ta ɓarauniyar hanya suke shigowa. Idan babur ɗari ne ke bin hanyar a dare ɗaya, casa'in da tara ɗauke da kanwa da taliya da man girki, ɗaya ɗauke da harsashi, wane jami'i ne zai iya tsamo shi? Kuma wane ɗan ƙauye ne zai kai rahoton hanyar da ɗansa ke cin abinci a kanta? Ranar da mai kanwa ya koma bin ƙofa, wanda aka gani a daji da dare ya bayyana kansa, mutanen gari ma za su nuna shi.

Ba zan ɓoye namu ba, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A cikinmu akwai mai cewa buhu ashirin alhali hamsin ne, akwai mai shimfiɗa kayan halal a sama ya cusa haramtattu a ƙasa, akwai wanda tun kafin a tambaye shi ya miƙa. Akwai waɗanda suka yi dukiya da safarar fetur zuwa waje lokacin tallafi, jama'ar iyaka gaba ɗaya suka biya bashin, don tun Nuwamban 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutumin Illela ya koma sayen na bumburutu don ya kunna injin ban-ruwa ko ya kai matarsa asibiti. An cire tallafin a Mayun 2023, dalilin hanin ya raunana ƙwarai, kuma na san an tayar da maganar a zauren majalisa. Ku bi ta har ku ga kowane gidan mai mai lasisi a garuruwan iyaka yana sayarwa. Jami'an da ke aiki a can su ma mutane ne da iyali. Na ga wuraren da suke kwana, rumfar kwano cikin zafin bazara, ba ruwa ba wuta, ga haɗarin a far musu da dare. Wanda aka ajiye haka aka ba shi bindiga da igiya, an saka shi cikin jarrabawa. Idan kuna duba kasafinsu, ku duba wannan.

Abin da nake nema ba sabon abu ba ne a Afirka. Ƙasashen gabashi da kudancin nahiyar, a ƙarƙashin ƙungiyar COMESA da ta ƙasashen Gabashin Afirka, suna da sauƙaƙƙen tsari na ƙananan 'yan kasuwar iyaka. Idan kuɗin kayanka bai wuce dala 2,000 ba, kuma suna cikin jerin da ƙasashen biyu suka amince da shi, takarda gajera kake cikawa a nan bakin iyaka, ba ejan, har akwai teburin da aka ajiye mutum musamman don ya yi wa 'yan kasuwa bayani ya taya su cikawa. Ana yin haka tsakanin Zambiya da Malawi da Zimbabuwe. Me zai hana a gwada a Illela? A ware taga ɗaya ta masu ƙananan kaya. A kafa babban allo da Hausar boko da ajami da Faransanci, a rubuta abin da buhun dabino ke biya, da na kanwa, da na aya, da kan sa da na rago, a rubuta abin da aka hana shigowa da shi da abin da aka hana fitarwa, irin su masara da ɗanyar fata. A karɓi kuɗi ta POS ko ta waya zuwa asusun gwamnati, saƙo ya shigo wayar mai kaya da lambar da kowane jami'i a hanya zai iya dubawa. Yaran da ke cajin waya a kasuwar Illela suna tura kuɗi Legas cikin minti ɗaya, don haka kada a ce mana abin ya fi ƙarfin hukuma.

Rashin sani kaɗai yana cinye dukiya mai yawa a wannan hanya. A Satumban 2025 hukumar kwastan ta sanar cewa kayan aike ko na jakar matafiyi da kuɗinsu bai wuce dala 300 ba an yafe musu kuɗin fito, har sau huɗu a shekara. Na tambayi mutanen layinmu a kasuwa, ba wanda ya ji. Ku nemi hukumar ta fito ta faɗa da Hausa yadda wannan ya shafi mai ƙetarawa ta ƙasa. Haka dokar da ta ce duk mai ɗauke da kuɗin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu sai ya bayyana wa kwastan. Dillalan shanu a kasuwar Illela na yawo da fiye da haka a aljihun 'yar ciki, musamman tun da jakar sefa, wato sefa 1,000 na kuɗin Nijar, ta haura naira 2,000 a 2024, kuma da yawansu ba su san bayyanawa kawai ake nema ba, ba karɓewa za a yi ba. Mintina goma a gidan Rediyon Rima kowane mako, jami'i ya zauna ya yi bayani a kira shi a waya, zai rage rabin rigimar da ake yi a bakin ƙofa.

Sai batun wancan gefe. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba mu damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90. Nijar ta fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanensu da barin kaya su wuce kamar da har sai an sake sanarwa, amma matafiyi na zuwa ƙofa ne da fargabar ko yau an sauya. A ƙarshen 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi, a Mayun 2025 gab da Babbar Salla ta dakatar da fitar da dabbobi. Haƙƙinta ne ta tsara kasuwarta, sai dai mutanenmu da yawa sun ji labarin ne bayan sun riga sun zuba kuɗi. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, ofishinta na Yamai, ba ta kuma dogara da ECOWAS ba. Ku matsa wa ma'aikatar harkokin waje a zauna a ƙarƙashinta a fitar da takarda ɗaya da ɓangarorin biyu za su girmama: wace shaida ɗan iyaka zai nuna, wane kaya zai wuce da sauƙi, kwana nawa za a ba da sanarwa kafin a hana wani abu. Sarakunan Illela da na Ƙonni da shugabannin kasuwanni da na direbobi sun saba sasanta rigimar junansu tun kafin a kawo hukuma, a sa su cikin zaman.

Masu girma, na san kuna zuwa Illela, amma da jiniya da rakiya kuke zuwa, kuma shingen da nake magana a kai yana ɓacewa kafin ayarinku ya iso. Ina roƙon ɗaya daga cikinku, ko amintaccen da zai gaya muku gaskiya, ya sa kaya irin namu ya shiga motar haya daga Sakkwato ranar Lahadi da safe, ya dawo da yamma a motar da ta ɗauko kaya, ya ƙirga tsayawa, ya rubuta inda akwai allo da inda babu. Bayan haka ku kira zaman jin ra'ayin jama'a a garin Illela, ba a Abuja ba, a yi shi da Hausa, a gayyato shugabannin duk hukumomin da ke da shinge a hanyar, kowa ya faɗi shingensa nawa ne da inda suke, a buga jerin a manna a tashoshin mota. A ware wa mata 'yan kasuwa lokacinsu daban tare da mace mai rubutawa, don akwai abubuwan da suke fuskanta wajen binciken jiki da ba za su faɗa a gaban maza ba. Idan kun sa rana, mu 'yan layin dabino da kanwa za mu zo da direbobinmu da rasit ɗin da muka ajiye.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Ɗan kasuwar dabino da kanwa,
Tsohuwar Kasuwa, Sakkwato.